Yadda ake zaɓen siffar ruwan wuƙa mai kube don aikin yau da kullum

Wuƙa mai kube, wato wadda ruwanta ba ya naɗewa cikin ƙota, ta fi mai naɗewa irin su Opinel ƙarfi da sauƙin wanki, domin ba ta da mahaɗin da zai saki ko ya tara jini da ƙura. Shi ya sa makiyayi a Abalak da mai garkar albasa a Galmi da mai kwance kaya a kasuwar Tawa duk ita suka fi riƙewa. Sai dai yawancin masu saye adon ƙota da jan fatar kube suke fara kallo, alhali kuwa siffar ruwan ce za ta nuna ko wuƙar za ta yi maka aiki ko za ta riƙa wahalar da kai. Abubuwa biyu ne ke rarrabe ruwa da ruwa, wato inda tsini ya faɗa da yawan lanƙwasar baki, sannan a ƙasa mai rairayi irin ta Adar akwai na uku, shi ne sauƙin wasawa.

Ga sunayen da za mu yi aiki da su. Ruwa shi ne ƙarfen da ke waje da ƙota, baki shi ne gefen da ke yanka, baya kuma gefen da ba ya yanka. Tumbi shi ne wurin da baki ke lanƙwasawa yana hawa zuwa tsini, wutsiya kuwa ita ce ragowar ƙarfen da ta shige cikin ƙota.

Mataki na farko: tantance aikin da ka fi yi

Kafin ka je wurin maƙeri ko kanti, ka tuno abubuwan da ka yanka a makon da ya wuce, ba waɗanda kake zaton za ka yanka wata rana ba. Za ka tarar sun kasu uku. Akwai yankan da ake jan wuƙa a miƙe, kamar na igiya da bakin buhu da kwali da tiyon ban ruwa da kaba. Akwai yankan da ake shafa wuƙa tana zamewa, kamar na nama da fiɗa da albasa da mangwaro. Akwai kuma huda da sassaƙa, kamar fiƙe turke, cire ƙaya daga takalmi, ko buɗe rami a fata. Kashin da ya fi yawa a makonka shi zai zaɓa maka siffa, sauran biyun kuma su yi haƙuri da abin da suka samu, domin babu ruwan da ya ƙware a duka ukun.

A nan mutane da yawa ke kuskure, suna zaɓen wuƙar shekara guda saboda aikin yini ɗaya, wato ranar layya. Wuƙar yanka daban take, tana buƙatar dogon ruwa mai tsananin kaifi don dabba ta huta da wuri, kamar yadda hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya umurci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Gajerar wuƙar ƙugu ba ta dace da wuyan rago ba, doguwar wuƙar yanka kuma ba ta dace da yawo a ƙugu ba. Ka ajiye ta yanka a gida, ka zaɓi ta kullum bisa aikin kullum.

Mataki na biyu: duba inda tsini ya faɗa

Ka shimfiɗa wuƙar a kan tebur, ka ɗora zare ko miƙaƙƙen tsinke a tsakiyar ƙota ya bi tsawonta har ya zarce ruwa, sannan ka ga inda tsini yake. In tsinin yana kan zaren ko kusa da shi, to hannunka zai san inda yake ba sai ka duba ba, kuma ƙarfin da ka tura zai tafi kai tsaye, abin da ke sauƙaƙa huda da murza rami a itace. In yana sama da zaren, an samu dogon tumbi amma tsinin ya yi nesa da aiki, sai ka ɗaga gwiwar hannu kafin ka taɓa abu da shi. In kuwa yana ƙasa da zaren, daidai da layin baki, to yana sauka kan kwali ko fata ba tare da ka karya wuyan hannu ba, amma ba ya shiga abu da zurfi.

Bayan haka ka juya wuƙar ka dube ta ta baya, ka ga yadda kaurin ƙarfe ke raguwa zuwa tsini. Wanda ya sirance tun daga nesa yana shiga abu da sauƙi, kuma shi ne ke fara karyewa ranar da aka ɓamɓare murfin gwangwani da shi. Wanda ya riƙe kaurinsa har kusa da ƙarshe yana jure wahala, sai dai ba zai cire maka sartse ba.

Mataki na uku: auna tumbi

Ka kafa bakin wuƙar a kan katako mai laushin fuska, ka riƙa ɗaga ƙota a hankali. Sashen da ya kwanta gaba ɗaya a kan katakon shi ne miƙaƙƙen baki, sashen da ya yi ta mirginawa kuma shi ne tumbi. Miƙaƙƙen baki yana riƙe abin da ake yankawa har ƙarshen ruwa, shi ya sa igiyar roba ba ta kuɓuce masa. Tumbi kuwa yana sa ɗan ƙaramin wuri ne kawai ke taɓa abu a lokaci guda, kuma yana barin wuƙa ta zame tsakanin fata da nama ba tare da tsini ya shiga lamarin ba. Wanda ya san darajar fatar jar akuyar Maraɗi ya san cewa huda ɗaya a tsakiyarta tana rage mata kuɗi a wurin majema, kuma tsinin wuƙa marar tumbi ne ke yawan yin wannan ɓarna.

Ga mai aiki iri-iri, abin da na ga ya fi dacewa shi ne kashi biyu cikin uku na bakin ya kasance miƙaƙƙe daga wajen ƙota, kashi ɗayan da ya rage kuma ya zama tumbi mai hawa a hankali.

Mataki na huɗu: daidaita abin da ka gani da samfuran da ake da su

Samfuri na farko shi ne mai sunkuyayyen tsini, wanda bayansa ke gangarowa a hankali cikin ƴar lanƙwasa har ya haɗu da baki kusa da layin tsakiya. Maƙerin Amurka Bob Loveless, wanda ya rasu a 2010, shi ne ya yaɗa wannan siffa a wuƙaƙen farauta har ta zama ruwan dare. Dalilin karɓuwarta a fili yake ga duk wanda ya taɓa farka cikin dabba: idan ka juya baki sama ka tura wuƙar ƙarƙashin fata, sunkuyawar bayan tana ɗage tsini daga hanji da tumbin dabbar, don haka ba a fasa su a ɓata nama. Tsinin yana da ƙarfe isasshe a bayansa, tumbin matsakaici ne, kuma akwai wurin ɗora yatsa manuni a baya idan ana son aiki mai natsuwa. In ka rasa wanda za ka ɗauka, ka ɗauki wannan.

Na biyu, wanda nake ganin bai sami yabon da ya kamace shi ba, shi ne mai miƙaƙƙen baya. Bayansa a miƙe yake daga ƙota har tsini, baki ne kaɗai ke hawa ya same shi. Ita ce siffar wuƙar gargajiyar mutanen Finlan da ake kira puukko, kuma wuƙaƙen garin Mora na ƙasar Suwidin, inda ake ƙera su a masana'anta tun 1891, su ma irin wannan siffa gare su. Maƙeranmu ma sun saba da ita, domin ita ce mafi sauƙin bugawa a kan uwar maƙera. Miƙaƙƙen bayan yana ba ka damar dannawa da babban yatsa ko da tafin ɗaya hannun, kana iya kankare katakon yanka da shi ba tare da ka dakusar da baki ba, kuma yana da kyau wajen feƙe itace. Rauninsa shi ne tsinin yana ɗan sama, saboda haka sai an kula wajen farka ciki.

Na uku shi ne mai yankakken baya, inda aka zaftare wani sashe na baya kusa da tsini, a miƙe ko a lotse. Ana danganta shi da Jim Bowie, wanda wuƙarsa ta yi suna bayan wani faɗa da aka yi a bakin kogin Misisifi a 1827, kuma wuƙar Ka-Bar ta sojojin Amurka, wadda suka amince da ita a 1942, mai ruwa kusan santimita 18, tana da wannan siffa. Tsininsa siriri ne mai saurin shiga, yana da amfani wajen ɓare nama daga ƙashi da shiga lungu. Amma zaftarewar nan ƙarfe ta ɗebe, don haka in an zaftare da yawa tsinin ba ya jure murɗa. In kana son sa, ka nemi wanda aka yanke kaɗan kuma a miƙe.

Mai ɗagaggen tsini, wanda bayansa ke lanƙwasawa sama, na mahauta ne da masu fiɗa. Kusan duk bakinsa tumbi ne, yana yanka nama falle-falle yadda mai kilishi ke so, amma yana da wuyar mayarwa kube, yakan huda ɗinkin, kuma bai iya ƙananan ayyuka ba.

Kishiyarsa shi ne ƙofaton tunkiya, mai miƙaƙƙen baki tun daga ƙota har ƙarshe, wanda bayansa ke dunƙulowa ya sauko ya same shi. Matuƙan jirgin ruwa da masu aikin ceto sun daɗe suna riƙe shi saboda yana yanka igiya da ɗamara ba tare da ya soki mutum ba. Mai shago da ke farka kwali da buhu yini guda, da baduku mai yanka fata a kan katako, da mai gyaran tiyo a garka, duk wannan ne nasu, kuma babu ruwan da ya kai shi sauƙin wasawa. Yana da ɗan'uwa da ake kira da sunan wani basaraken Ingila, Wharncliffe, wanda bayansa ke fara gangarowa tun daga nesa, don haka ya fi shi tsini. Dukansu biyu ba sa fiɗa, kuma da yake tsinin ne ke shan duk wahalar yanka a kan katako, shi ke fara cinyewa.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Tanto na zamani, wanda kamfanin Cold Steel ya yaɗa a shekarun 1980 bisa sunan wata gajerar wuƙar Japan, yana da baki biyu miƙaƙƙu da suka haɗu a kusurwa; tsininsa na da ƙarfi, amma ba shi da tumbi ko kaɗan, kuma kowane baki sai an wasa shi daban, in ba haka ba kusurwar ta goge. Bakin shaho, mai lanƙwasa ta ciki, dangin lauje ne, ya iya yanke ganyen albasa da zangarniyar gero, bai iya komai a kan katako ba. Mai baki biyu irin telak, wuƙar da Abzinawa ke ɗaurawa a hannu, kyakkyawa ce kuma tana da tarihinta, amma don suka aka yi ta, ba ta da bayan da za ka ɗora yatsa, kuma jami'in tsaro makami zai ɗauke ta.

Mataki na biyar: tsawo da kauri da yadda aka zaftare gefe

Siffa mai kyau tana lalacewa idan ƙarfen ya yi kauri. Ga aikin kullum, ruwa mai tsawon santimita 8 zuwa 11 da kaurin milimita 2 zuwa 3 a baya ya wadatar. Wuƙaƙen da ake tallatawa da kaurin milimita 5 ko 6 suna burge ido, amma ka gwada ɗaya a kan albasar Galmi ka gani, faskara ta take yi kamar gatari, ba yankawa ba. Tsawon da ya wuce santimita 12 kuma yana tokare mutum idan ya zauna a mota ko a kan babur, daga nan sai ya fara barin wuƙar a gida.

Sannan ka dubi yadda aka rage ƙarfen daga baya zuwa baki. Wanda aka zaftare a miƙe tun daga baya shi ya fi ratsa abinci da kwali. Wanda aka bar samansa da kauri aka yi masa faffaɗan gangare guda ɗaya kusa da baki, irin na Mora, ya fi kowa iya sassaƙa itace, kuma mai koyon wasawa yana jin daɗinsa domin gangaren ake kwantarwa a kan dutse, sai dai yana tsaga abu mai tauri irin karas. Mai lotsattsen gefe, wanda ake samu daga dutsen inji mai juyawa, yana da kaifin aska amma bakinsa na saurin ɓantarewa a kan ƙashi. Mai ɗan tudu a gefe, wanda galibi shi ke fitowa daga hannun maƙeri, yana da juriya, kuma yana yanka da kyau muddin ba a bar shi da kauri dab da baki ba. Hanyar ganewa ita ce ka matse ruwan a hankali tsakanin yatsu biyu daga wajen baya, ka gangaro zuwa kusa da baki, in ka ji ƙarfen bai sirance ba sai a ƙarshe, ka nemi a ƙara rage shi.

Mataki na shida: tuna da dutsen da kake da shi

Wannan matakin ya fi shafar mu fiye da mutanen ƙasashen da ake rubuta tallan wuƙaƙen nan. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen wuƙa tauri, kuma a lokacin hunturu babu igiya ko buhu ko fatar dabba da ba ta ɗauke da ita. Komai tsadar ƙarfen, bakin zai dakushe da wuri, saboda haka wuƙar da za ka iya wasawa cikin ɗan lokaci a kan shimfiɗaɗɗen dutse ta fi wadda sai an nemo kayan aiki na musamman. Miƙaƙƙen baki da tumbi mai sauƙi suna hawa kowane dutse, ana kwantar da su a kusurwar da ba ta wuce digiri 20 a kowane gefe ba, a riƙa ɗan ɗaga ƙota idan an zo tumbi. Baki mai lanƙwasa ta ciki da mai haƙora irin na zarto ba sa kwanciya a kan dutse, sai da zagayayyen magagari, kuma mafi yawan masu su suna ƙarewa da wuƙar da rabinta ya mutu.

In za ka kai wa mai injin wasawa, ka tsaya a kansa ka roƙe shi ya riƙa tsoma wuƙar cikin ruwan sanyi. Da zarar bakin ya yi shuɗi, zafinsa ya kai wajen digiri 300, ya zarce wanda aka daidaita taurinsa da shi, kuma wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi. Siririn tsini shi ne ke fara ƙonewa.

Mataki na bakwai: yanka samfurin a kwali kafin a taɓa ƙarfe

Idan maƙeri zai yi maka, kada ka tsaya ga bayanin baki. Ka zana wuƙar da girmanta na gaskiya a kan kwali mai kauri, har da ƙota, ka yanke, ka riƙe ta a hannu ka kwaikwayi ayyukan da ka lissafa a matakin farko. Ka soke ta a ƙugu ka zauna ka tashi. Ƙotar ta cika tafin hannunka, abin da ga yawancin manya ke nufin santimita 10 zuwa 11, kuma a bar ɗan tudu ko lotsawa a gabanta don kada yatsa ya zame kan baki idan hannu ya jiƙe da jini ko mai. Gyaran kwali ba ya cin komai, shi ya sa ya kamata ka yi biyu ko uku ka kwatanta.

Daga nan ka kai wa maƙerin, ko a nan Tawa ko a kasuwar Katako idan kana Yamai, ka faɗa masa kaurin da kake so da kuma aikin da za ta yi. Maƙera da yawa suna amfani da lam ɗin mota, wato sifirin, kuma ƙarfe ne mai kyau ga wuƙa domin yana da sinadarin kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, wanda ya isa ya taurare idan an gasa shi an tsoma a mai, ga shi kuma da juriya. Ƙarfen rodi na gini da guntun tukunya ba sa taurara yadda ya kamata. Ka nemi wutsiyar ta shige aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙota, ko ta fito har ƙarshe a danne ta. In daga kanti za ka saya kuma kana son inoks, wanda ke da sinadarin kurom fiye da kashi 10 cikin 100 don kada ya yi tsatsa, duk waɗannan ma'aunai na siffa ba su sauya ba.

Mataki na takwas: gwaji da kube da hanya

Kafin ka biya, ka ɗaga wuƙar ka hango ta daga ƙota zuwa tsini don ka tabbata ba ta karkace ba. Ka goga magagari a hankali kusa da baki, in ya zame bai ci ba ƙarfen ya taurare, in ya kama yana ci to bai sha wuta yadda ya dace ba. Ka yanka takarda daga gindin baki har tsini a ja ɗaya, duk inda ta tsaya akwai gyara a wurin. Sannan ka yanka guntun igiya da albasa ɗaya, domin su ne za su gaya maka gaskiyar kaurin.

Kube kuma a ɗinka shi a kan wuƙar kanta, ba a saye shi daban ba. Ka ce wa baduku ya sa ƙarin tsirin fata tsakanin ɓangarorin biyu a gefen da baki ke bi, don kada kaifi ya cinye zaren, kuma bakin kuben ya haɗiye wani sashe na ƙota yadda ko an kifa shi wuƙar ba za ta zube ba. Da damina kada ka bar baƙin ƙarfe ya kwana cikin jiƙaƙƙen kube, ka goge shi ka shafa masa ɗan mai.

Game da hanya, a 2017 an sa wasu sassan jihohin Tawa da Tilaberi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma shingayen bincike suka yawaita. Gajeren ruwa mai baki ɗaya, mai sunkuyayyen tsini ko ƙofaton tunkiya, ya fi sauƙin bayani a gaban jandarma fiye da tanto ko mai baki biyu, kuma idan za ka shiga motar haya ya fi kyau wuƙar ta kasance cikin jaka tare da kayan aikinka. Ba a shiga ofisoshin hukuma da taron jama'a da ita, ba a hawa jirgin sama da ita a jakar hannu. Mai tafiya Turai kuma ya binciki dokar ƙasar da za shi tun kafin ya tashi, domin a Jamus an hana yawo da irin wannan wuƙa idan ruwanta ya wuce santimita 12, a Ingila kuwa komai gajartarta sai mutum ya nuna ƙwaƙƙwaran dalilin ɗaukarta.